Daga Filin Zuba Zuwa Teburin Ciniki: Wa Ejan Ɗan Ƙwallo Yake Yi Wa Aiki?

Sau biyu a shekara, a watan Janairu da kuma daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, hirar samarin Zuba kan koma kan abu guda. A gidajen kallon ƙwallo, a bakin tasha, a teburin mai shayi inda direbobin Kaduna da Lakwaja ke yada zango, zancen shi ne wane kulob ya taya wane ɗan wasa, nawa aka ce albarka, nawa aka sallama. Ana bin labarin a waya dare da rana har sai an ga hoton ɗan wasan riƙe da sabuwar riga. Wanda ba a cika gani a hoton ba shi ne mutumin da ya ƙulla cinikin, wato eja, wakilin ɗan wasa. Shi ne kuwa ya kamata mutanen Zuba su fi sani, domin a duk masu wannan harka shi kaɗai ne ƙafarsa ke iya kawo shi har ƙofar gidansu.

Zuba ƙofar Abuja ce ga mai shigowa daga Kaduna ko Minna. A filayen makarantu da na unguwa, daga nan har Tungan Maje da Dei-Dei, da Madalla da Suleja a tsallaken iyakar jihar Neja, yara na buga ƙwallo safe da yamma, kuma da yawansu abinci suke nema a cikinta. Ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, da ofisoshin jakadancin da ke ba da biza duk suna cikin birni, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan babu cunkoso. Saboda haka masu farautar yara, na gaskiya da na bogi, ba sa nisa da wannan yanki.

Abin da muke kira cinikin ɗan wasa ciniki uku ne aka ɗaure wuri guda. Na farko tsakanin kulob da kulob. Adadin da jarida ke bugawa ba kasafai ake biyansa lokaci ɗaya ba. A kan raba shi kashi-kashi a kan shekaru, a kuma rataya wani ƙari a kan sharaɗi, misali idan yaron ya buga wasa kaza ko kulob ɗin ya ci kofi. Mai sayarwa mai wayo yakan sa a rubuta masa kaso a cikin kuɗin da za a samu idan an sake sayar da ɗan wasan gaba. Wani lokaci aro ake fara yi da zaɓin saye, wani lokaci kuma kwantiragin ɗan wasan ne ke ɗauke da farashin da idan aka biya dole a sake shi, irin yuro miliyan 222 da PSG ta ajiye a 2017 ta ɗauke Neymar daga Barcelona. Na biyu tsakanin ɗan wasa da sabon kulob: albashi, kuɗin sa hannu, gida, tikitin zuwa ganin iyali, haƙƙin amfani da hotonsa a talla, da tambayar da ta sha jefa 'yan Afirka a rami, shin adadin da aka faɗa kafin a cire haraji ne ko bayan an cire. Dokar FIFA ta ce kwantiragi kada ya wuce shekara biyar, na wanda bai kai 18 ba kuma shekara uku. Na uku shi ne la'adar eja. Ko ɗaya a cikin ukun nan ya warware, sauran biyun sun tashi a banza.

Mun ga haka a kan Victor Osimhen a ƙarshen Agustan 2024. Chelsea na nema, Al-Ahli ta Saudiyya na nema, Napoli na son sayarwa, amma aka rufe kasuwar Ingila ba tare da an daidaita dukkan ɓangarorin a wuri ɗaya ba. Sai ga gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023 ya tafi zaman aro Galatasaray, saboda kasuwar Turkiyya ta fi daɗewa a buɗe, kafin kulob ɗin ya saye shi a 2025 a kan yuro miliyan 75. Bayan an daidaita ma da sauran rina a kaba. Akwai gwajin lafiya, akwai shigar da bayanan cinikin a rumbun FIFA na intanet da ake kira TMS, wanda ya zama tilas tun 2010, akwai takardar sakin ɗan wasa daga hukumar ƙasar da ya baro, sannan akwai izinin aiki. Liverpool ta ɗauki Taiwo Awoniyi a 2015, bai samu izinin aiki a Ingila ba, ya shafe shekara shida ana ba da aronsa a Jamus da Holan da Beljiyam har aka sayar da shi ga Union Berlin a 2021 bai buga wa Liverpool wasan gasa ko ɗaya ba. Henry Onyekuru ma haka ya yi da Everton, daga 2017 zuwa 2019. Ejan da ya san aikinsa tun kafin a sa hannu yake gaya wa yaro cewa rigar da zai ɗauki hoto da ita mai yiwuwa ba ita zai sa a fili ba.

Ba na cikin masu ganin eja ɓarawo ne tun asali, kuma duk wanda ya san kasuwar kayan marmari ta Zuba zai gane dalili. Manomin da ya ɗauko motar lemo daga Binuwai bai san masu saye ba, bai san farashin yau ba, kayansa kuma ba sa jira. Kwana kaɗan suka ƙara sun fara lalacewa. Dole ya nemi dillali, kuma la'adar dillalin halak ce, guminsa ne. Ƙafar ɗan ƙwallo ma ba ta jira, shekara goma zuwa sha biyar ne idan rauni bai katse su ba. Amma a kasuwa mai kaya yana tsaye a gefen motarsa, ya san abin da ya kawo, yana jin harshen da ake ciniki da shi, idan an cuce shi akwai shugabannin kasuwa da zai kai wa ƙara kafin la'asar. A ƙwallo yaron shi ne kayan, shi ne kuma mai kayan, yana da shekara sha takwas, takardar da ke gabansa da Italiyanci ko Fotugisanci aka rubuta ta, wurin kai ƙara kuma yana wata nahiya.

Ƙarfin da ejoji ke da shi a yau ya samo asali ne daga hukuncin Bosman na Disambar 1995, lokacin da kotun Tarayyar Turai ta ce ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ba. Daga nan ɗan wasa ya samu bakin magana, wanda ke magana a madadinsa kuma ya zama babban mutum. Kuɗin talabijin suka ƙara hura wutar. Lissafin FIFA ya nuna a 2023 kaɗai kulob-kulob sun biya ejoji sama da dalar Amurka miliyan 888 a cinikin da ya ƙetara iyakar ƙasa.

A lura da wanda ya biya: kulob-kulob. Nan ne gizo ke saƙar. A fatar baki eja na ɗan wasa ne, amma a mafi yawan ciniki kulob mai saye ne ke biyansa, kuma doka ta yarda mutum ɗaya ya wakilci ɗan wasa da kulob mai saye a ciniki guda idan sun amince a rubuce. To idan kulob na son rage albashi, yaro na son a ƙara, wanda ke tsakiya kuma daga aljihun kulob zai karɓa, bayan wa zai bi? Lokacin da Paul Pogba ya koma Manchester United a 2016 a kan fam miliyan 89, takardun da aka fallasa daga baya sun nuna marigayi Mino Raiola ya karɓi kuɗi daga ɓangarori ukun duka, wato kulob mai sayarwa da mai saye da ɗan wasan, abin da aka ƙiyasta ya kai fam miliyan 41. Pogba babba ne, bai yi asara ba. Yaron da albashinsa na farko bai wuce kuɗin haya da abinci ba, shi ne irin wannan tsari ke iya tura shi kulob ɗin da ya fi biyan la'ada maimakon wanda zai ba shi damar buga wasa. Kuma tun da eja na samun babban rabonsa ne idan an motsa, yana da dalilin zuga yaro ya tashi ko da zaman ya fi masa alheri.

FIFA ta yi ta kai-komo a kan yadda za ta riƙe linzamin waɗannan mutane. A Afrilun 2015 ta soke tsarin lasisi gaba ɗaya, bayan ta amsa cewa yawancin ciniki ba ta hannun masu lasisin ake yin sa ba, sai ƙofa ta buɗe wa kowa. A 2023 ta dawo da jarrabawa da lasisi, ta ce yarjejeniyar wakilci tsakanin eja da ɗan wasa kada ta wuce shekara biyu, ta kuma yanka iyakar la'ada: kashi 10 cikin 100 na kuɗin ciniki ga wakilin kulob mai sayarwa, kashi 5 na albashi ga wakilin ɗan wasa a kan dala 200,000 na farko a shekara, kashi 3 a kan abin da ya haura haka. Manyan ejojin Turai suka garzaya kotu, suka yi nasara a Dortmund ta Jamus da kuma gaban kwamitin sasanci a Ingila, har a ƙarshen Disambar 2023 FIFA ta dakatar da iyakar la'adar a duniya baki ɗaya. Lasisin da jarrabawar dai sun tsaya, kuma su ne suka fi shafar mu.

Misalin wannan harka da ya fi kusa da Zuba a nan Abuja ya faru. Wajajen 2012 aka kafa makarantar ƙwallo mai suna Football College Abuja, wadda ke da alaƙa da attajirin nan ɗan Italiya Gabriele Volpi, na kamfanin Intels, wanda a lokacin shi ke da kulob ɗin Spezia a Italiya, yana kuma da hannu a Rijeka ta Kuroshiya. Makarantar ta tara yara masu baiwa daga sassan ƙasar nan. Umar Sadiq ɗan Kaduna, wanda ya fara a Kusa Boys, ya je gasar matasa a Kuroshiya da ita a 2013, ya fi kowa cin ƙwallo, daga nan sai Italiya. Shi da Nura Abdullahi suka bi ta Spezia suka isa Roma, wadda ta saye su a 2016 a kan yuro miliyan biyu da rabi kowannensu. David Okereke ya bi hanyar har Club Brugge ta saye shi a 2019. Jamilu Collins, shi ma ɗan Kaduna, ta Rijeka ya bi ya isa Paderborn da Super Eagles. Sadiq ya ciyo wa Nijeriya tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, a 2022 kuma Real Sociedad ta saye shi daga Almería a kan kusan yuro miliyan 20. Nura kuwa ciwon zuciya ya sa ya rataye takalmi yana tsakiyar ƙuruciyarsa.

Sai kuma a Yulin 2021 FIFA ta yanke wa Spezia hukuncin hana rajistar sababbin 'yan wasa na kasuwa huɗu, da tarar kuɗin Suwizalan 500,000, ta haɗa da wasu ƙananan kulob biyu, Lavagnese da Valdivara. Laifin shi ne shigo da yara 'yan Nijeriya 13 da ba su kai shekara 18 ba ta wata dabara da FIFA ta ce an shirya ta ne don kauce wa dokarta da ma dokar shige da fice ta Italiya: a ajiye yaro a ƙaramin kulob na 'yan sa-kai har ya cika shekaru, sannan babban kulob ya ɗauke shi. Kulob-kulob ɗin aka hukunta, kuma lokacin Volpi ya riga ya sayar da Spezia ga wasu Amurkawa, daga baya ma kotun wasanni ta duniya ta sassauta hukuncin.

Na san abin da matashi a Zuba zai ce: to ai Sadiq ya tsira, da an bi doka wataƙila da har yanzu yana Kaduna. Maganar na da nauyi, ban raina ta ba. Amma a duba yadda aka zauna a wancan teburi. Makarantar da ta horar da yaro, da hanyar da ta fitar da shi, da kulob ɗin da ya karɓe shi, duk igiyarsu na komawa hannu ɗaya. A irin wannan zama babu wanda aikinsa shi ne ya ce albarka a madadin yaron. Jarida kan riƙe sunan wanda ya yi fice, amma an yi dokar ne saboda ɗan shekara sha shida da aka raba da iyayensa da makarantarsa, wanda idan gwiwa ta ba shi matsala ko koci bai so shi ba, zai wayi gari a ƙasar da ba shi da kowa. Babbar riba kuma, wato bambancin kuɗin rainon yaro a Abuja da miliyoyin da Roma ko Brugge suka biya, a Italiya ta sauka.

Dokar da ake magana ita ce sashe na 19 na ƙa'idojin FIFA, wadda ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan wasu yanayi, kamar iyayensa su yi ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ana iya binta a kuma yi nasara. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, VVV-Venlo ta Holan ta daidaita da shi, aka jira har ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata. Daga nan CSKA Moscow a 2012, sai Leicester a 2016 a kan kusan fam miliyan 16. Kishiyar wannan shi ne abin da ya sami John Mikel Obi, ɗan Jos. An kai shi Lyn ta Norway yana yaro. A Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, Manchester United ta sanar ta ɗauke shi, Chelsea da wakilansa suka ce ba da su aka yi ba. Rigimar ta ci fiye da shekara, yaron ya yi watanni ba ya wasa, har a 2006 Chelsea ta biya fam miliyan 12 ga United da miliyan 4 ga Lyn. Daga baya wata kotu a Norway ta sami daraktan Lyn da laifin ƙirƙirar takarda a kan kwantiragin yaron. Ko a cinikin Osimhen zuwa Napoli a 2020, an cusa 'yan wasa huɗu da aka yi wa kuɗi kusan yuro miliyan 20 a matsayin wani ɓangare na biyan Lille, uku daga cikinsu matasa ne da ba su taɓa buga wa Lille wasa ba. Kotun hukumar ƙwallon Italiya ta wanke Napoli a 2022, masu gabatar da ƙara na gwamnati kuma suka ci gaba da nasu binciken. Idan ana iya mai da yaran Italiya lambobi a littafin lissafi, ina ga namu?

Duk waɗannan aƙalla kulob na gaskiya ne ke ƙarshen hanyar. Wanda ya fi yawan zuwa unguwanninmu shi ne wanda babu kulob a bayansa sam. Yakan zo da kyakkyawar mota da hotunansa da wasu 'yan wasa a waya, ya sami mahaifi a zaure ya ce, "Alhaji, yaron nan ya fi ƙarfin nan, a bar ni in fitar da shi waje." Sai ya nuna takardar gayyata mai tambarin wani kulob a Turkiyya ko Dubai ko gabashin Turai, sannan lissafi ya biyo: kuɗin biza, kuɗin jirgi, kuɗin rajistar gwaji. A sayar da fili ko Keke Napep ko a ci bashi. Wani daga nan ba a sake ganinsa. Wani kuma yakan kai yaron da bizar yawon buɗe ido, ya biya otal na mako guda ya kashe waya. Kunyar dawowa hannu rabbana kan sa yaro ya maƙale can ba takarda. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 'yan Afirka ta Yamma zuwa wani kulob mai suna Champasak United a ƙasar Laos, suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa. Wannan safarar mutane ce, aikin hukumar NAPTIP ne, kuma hedikwatarta na nan Abuja.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, ƙa'idojin FIFA na yanzu sun hana karɓar kuɗi don a kai ɗan wasa gwaji. Gwaji a wata ƙasa yana da takardarsa da kulob ke cikewa ya shigar a TMS, yana da iyakar makonni, idan yaro ƙarami ne kuma sai da rubutaccen izinin iyaye. Ejan gaskiya daga albashi ko kuɗin ciniki yake samun nasa, bayan an sa hannu. Sunayen masu lasisi kuma suna nan a shafin FIFA, kowa na iya dubawa da wayarsa.

Akwai kuma laifin da muke tarayya a ciki, wato rage shekaru. Eja ya san ɗan shekara 18 ya fi ɗan 23 tsada ko da ƙwallonsu ɗaya, sai a je a yi sabuwar takardar haihuwa da sabon fasfo, iyaye da koci suna kallo. A 2016 yara 26 na Golden Eaglets suka faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi da na'urar MRI, ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Nijeriya, mai riƙe da kofin duniya na lokacin. Ban da zubar da mutunci, ƙaryar shekaru makami ce a hannun eja: yaron da ya san asirinsa na hannun wani ba zai iya ɗaga murya ranar da aka cuce shi ba.

Sai maganar da ta fi damuna, kuɗin da doka ta riga ta ware wa masu rainon yara amma ba sa isowa. Kowa a Zuba ya san irin kocin nan da ke sayen ƙwallo da raga daga aljihunsa, ya biya kuɗin mota zuwa wasa a Gwagwalada ko Kubwa, wani lokaci har ya ciyar da yaran. Idan ɗaya ya yi fice, yakan ce yaronsa ne, ya riƙe fasfo, ya nemi kaso. Raɗaɗinsa gaskiya ne, amma tun Mayun 2015 FIFA ta haramta wa wani mutum na gefe mallakar kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa. Hanyar da ta buɗe ta kulob ce. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran kowace rabin kashi. Kulob ɗin da ya riƙe yaro daga 12 zuwa 17 yana da kashi 2 ke nan; idan an sayar da shi yuro miliyan 5, rabonsa yuro 100,000, kuma duk sanda aka sake irin wannan ciniki za a sake biya. Ban da wannan akwai diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ana lissafa ta da tsadar horarwa a ƙasar kulob mai ɗauka, wadda a manyan kulob na Turai ta kai yuro 90,000 a kan kowace shekara daga 16 zuwa 21.

Sharaɗin guda ne: sunan kulob ɗin ya fito a tarihin rajistar yaron. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da ke karɓar waɗannan kuɗi ya tura wa masu su, amma da abin da ke cikin rajistar kwamfuta ta hukumar ƙasa yake aiki. Kulob ɗin unguwa da bai yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha ba, bai shigar da yaransa ba, a wajen FIFA babu shi. Zaman Zuba a bakin iyaka ya ƙara dagula abin. Yaro na iya kwana a Madalla, ya yi atisaye a Zuba, ya buga gasa da wata ƙungiya a Suleja. Madalla da Suleja na hukumar jihar Neja ne, Zuba kuma na hukumar Birnin Tarayya, a ƙarshe ba wanda ya rubuta shi. Sai wata makaranta a cikin birni ko Legas ta ɗauke shi wata shida kafin tafiya, ta yi masa rajista, tarihinsa ya fara daga ranar. Wasu ejojin kuma sukan sa kulob ya sa hannu a takardar yafe diyya a kan 'yan kuɗi kaɗan da katan ɗin riguna, da hujjar cewa in ba haka ba Turawa za su fasa. Wani lokaci gaskiya ne za su fasa, amma mai yafewa ya kamata ya san nawa ya yafe, ya kuma nemi kason sayarwa ta gaba a madadinsa. A duniya baki ɗaya, a 2019 ejoji sun karɓi sama da dala miliyan 650, abin da aka biya masu rainon yara kuwa bai kai miliyan 100 ba. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata a ce rashin rubutu ne ke cinye mana haƙƙi ba.

Raunin gasar cikin gida shi ke ƙara wa eja ƙarfi. Yawancin kulob ɗin NPFL na gwamnatocin jihohi ne, bashin albashi da na kuɗin sa hannu tsohon labari ne, kwantiragi kuma sau da yawa gajere ne, don haka kulob ba shi da abin da zai riƙe ya yi ciniki da shi, ɗan wasa kuma duk ƙofar da ta buɗe zai faɗa. Wasu 'yan kasuwa a kudu sun gane cewa mai gada ke karɓar kuɗin tsallakawa: Kunle Soname na Remo Stars ya sayi Feirense a Fotugal tun 2015, Shola Akinlade na Sporting Lagos kuma ya sayi rinjayen hannun jari a Aarhus Fremad ta Denmark a 2023. Wannan ma hannu ɗaya ne ke riƙe da bakin igiya biyu, yaro na buƙatar nasa mai magana a ciki, amma aƙalla ribar tana da hanyar dawowa gida. Arewa na da attajiran da suka fi ƙarfin irin wannan jari.

Tafiyar 'yan arewa da dama da suka daɗe a Turai ta ƙaramar ƙofa ta fara. Zaidu Sanusi daga Jega ya yi wasa a Mirandela, can ƙananan rukunan Fotugal, kafin Santa Clara a 2019 da Porto a 2020. Alhassan Yusuf daga Kano ya fara da IFK Göteborg ta Suwidin a 2018 kafin Royal Antwerp. Tun da can ma Tijjani Babangida daga Niger Tornadoes ya tafi Roda JC, ya yi shekaru kafin Ajax ta ɗauke shi a 1996. Wanda ya zo ya ce daga filin firamare zai kai yaro babban kulob kai tsaye, ko bai san harkar ba ko ya san abin da yake yi.

Abin da NFF da hukumar ƙwallo ta Birnin Tarayya da ƙungiyar 'yan wasa ta PFAN za su iya yi ba mai tsada ba ne: su fito da teburin rajista zuwa Zuba da Gwagwalada a farkon kowace kaka maimakon jiran koci ya biya kuɗin mota zuwa cikin birni, su kuma fassara takardar yarjejeniyar wakilci zuwa Hausa a karanta ta a rediyo. Kafin su yi, mahaifin da baƙo ya yi wa sallama a kan ɗansa yana iya neman abu uku tun bai kawo masa ruwa na biyu ba. Ya nemi lambar lasisinsa na FIFA, a duba a waya nan take. Ya nemi takardar kulob ɗin, a sa wani mai ilimi ya tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa, ba ta lambar da baƙon ya bayar ba. Ya kuma nemi a rubuta masa wanda zai biya la'ada, nawa ne, yaushe, da ranar da yarjejeniyar za ta ƙare, a bar masa kwafi, fasfo kuma ya zauna a hannun mai shi. Idan baƙon ya kawo ukun, sai a kira kocin da ya raini yaron a zauna a fara magana.